Ƙaramin RNA, CRISPRi, cirewa ko PNA: da wanne za ka toshe bakin ƙwayar gado a bakteriya?

Ɗalibin da ya kai ga tsara aikin digirinsa na biyu ko na uku a fannin ƙananan halittu yakan cije a wuri guda. Yana da wata ƙwayar gado a cikin bakteriya da yake zargi: ita ce ke sa ƙwayar cutar jure magani, ko manne wa bututun fitsari, ko karkatar da sukari zuwa inda ba a so. Hanyar tabbatar da zargi ita ce a hana ta aiki a ga abin da zai biyo baya. To da me za a hana ta? Wani malami zai ce a tumɓuke ta kawai a huta. Wani ya ce ai yanzu kowa CRISPR yake yi. Sai kuma ɗalibin ya ci karo da labarin ƙananan RNA da ake ƙerawa a ɗakin gwaji, da wani abu wai shi PNA da ake zubawa kamar magani. Duka huɗun suna aiki, amma ba a gaɓa ɗaya suke kama ƙwayar gadon ba, kuma wannan bambancin shi ke yanke hukunci, ba yayi ba.

Yadda bakteriya ke yi da kansu

Saƙon ƙwayar gado yana rubuce a DNA. Ana kwafe shi zuwa RNA ɗan saƙo, wanda ake taƙaitawa mRNA, sannan ribosom, injin ƙera furotin, ya hau kan ɗan saƙon ya fassara shi zuwa furotin. Shekaru da yawa an ɗauka duk iko yana wurin kwafi. A 1984 Mizuno da Chou da Inouye suka nuna cewa E. coli na da wani gajeren RNA mai suna MicF da ke manne wa saƙon ƙwayar gadon ompF ya hana a fassara shi. Daga baya aka gano irinsa wajen ɗari a E. coli kaɗai, yawancinsu tsawonsu tsakanin haruffan gado 50 da 300. RyhB, wanda Massé da Gottesman suka bayyana a 2002, yana fitowa idan ƙarfe ya yi ƙaranci, ya rufe saƙonnin furotin masu cin ƙarfe irin su sodB domin a tanadi ɗan abin da ya rage. SgrS kuma yana rufe ptsG idan sukari mai ɗauke da fosfet ya taru ya fara zama guba.

Waɗannan ƙananan RNA ba sa cin kasuwa sai da dillali. Dillalin shi ne furotin Hfq, wanda tun 1968 aka san shi a matsayin abin da ƙwayar birus ta Qβ ke ara daga E. coli don ta hayayyafa, kafin a gane ainihin sana'arsa. Zobe ne mai gaɓa shida. Fuska ɗaya tana riƙe wutsiyar ƙaramin RNA mai jerin harafin U, ɗaya fuskar tana riƙe ɗan saƙo ta wurin da A ta yi yawa, gefen zoben kuma ya kusanto da su har su ƙulla. Da sun ƙulla a kusa da mazaunin ribosom, fassara ta tsaya, sau da yawa kuma enzaim ɗin RNase E ya zo ya daddatse su biyun tare. Akwai wasu dillalan: ProQ, wanda ɗakin gwajin Jörg Vogel a Würzburg ya fito da girman aikinsa a 2016, da CsrA, wanda shi da kansa yake danne saƙonni ta wurin GGA, sai ƙananan RNA biyu, CsrB da CsrC, su tsotse shi kamar soso su sakar wa saƙonnin mara.

Na tsaya a kan wannan ne don biyu daga cikin zaɓuɓɓukanka, wato ƙaramin RNA ƙirar hannu da PNA, kwaikwayon wannan tsari ne, kuma ƙarfinsu da rauninsu daga nan suka gado.

Ma'aunan da za a auna da su

Na farko shi ne zurfin rufewa. Sifili kake so, ko ragi? Akwai tambayoyin da kashi 10 cikin ɗari na furotin da ya rage zai ɓata amsarsu, domin enzaim mai ƙarfi kaɗan ya ishe shi gudanar da aikinsa. Akwai kuma ƙwayoyin gado da sifili ke nufin mutuwar bakteriyar, ka tashi ba ka da abin nazari.

Na biyu ɗorewa da juyawa: canjin zai zauna ko da ka manta da shi wata shida, ko sai kana zuba antibayotik kullum? Kana iya kunnawa da kashewa a tsakiyar gwaji?

Na uku maƙwabta. Ƙwayoyin gadon bakteriya galibi a ayari suke tafiya, ana kwafe uku ko biyar a ɗan saƙo guda. Masana suna kiran wannan ayari oferon. In ka tare raƙumin gaba, na baya ma sun tsaya, sai ka ɗora wa ɗaya laifin da na uku ya yi. A ganina wannan ma'auni ya fi kowanne jefa ɗalibai cikin kuskuren da ba a ganewa sai ranar kare aiki.

Sai kuskuren hari, wato taɓa abin da ba a nufa ba, sai nau'in bakteriyar da ke hannunka, sai kuɗi. A batun kuɗi ka haɗa har da kuɗin tabbatar da cewa rufewar ta auku, domin nan ne araha ke rikiɗewa tsada.

Cirewa gaba ɗaya

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ta Datsenko da Wanner ta shekarar 2000. Ana sa wa bakteriya filasmid, wato ƙaramin zoben DNA, mai suna pKD46 mai ɗauke da enzaim ɗin Red na birus ɗin lambda, a yi PCR, wato ninka guntun DNA, na alamar jure kanamaisin ko kuloramfenikol da dogayen firaima, wato guntayen DNA da ake fara ninkin da su, masu ɗauke da haruffa 36 zuwa 50 irin na gefen ƙwayar gadon, a harba shi ciki da injin lantarki, alamar ta maye gurbin ƙwayar gadon. Daga baya filasmid pCP20 ya cire alamar, ya bar ɗan tabo na haruffa tamanin da 'yan kai. Da wannan hanya aka gina tarin Keio a Japan a 2006, inda aka cire ƙwayoyin gado 3,985 na E. coli K-12 ɗaya bayan ɗaya, wasu 303 kuma suka ƙi ciruwa, alamar cewa rayuwa ta rataya a kansu.

Zurfi: cikakke, babu saura. Ɗorewa: babu kamarsa. Canjin yana kan kuromosom, ba ya neman antibayotik, ba ya neman sinadarin kunnawa. Tabbatarwa ma ita ce mafi araha, PCR ɗaya a kan gungun bakteriya da firaima biyu ya nuna maka wurin ya gajarce. In E. coli K-12 kake aiki da ita, wataƙila ma wani ya riga ya yi maka aikin a tarin Keio, sai dai ka sake dubawa da PCR kafin ka yarda, don an samu 'yan kaɗan a ciki da ke ɗauke da kwafi na biyu na ƙwayar gadon da aka ce an cire.

Raunin farko a fili yake: ba ya yiwuwa ga abin da rayuwa ta dogara da shi. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Daga ranar da ka cire zuwa ranar da ka auna, bakteriyar ta yi zuriya da dama, kuma duk wadda ta samu wani canji da ya rage mata raɗaɗin rashin ita ce za ta mamaye kwalbar. Abin da kake aunawa ke nan bakteriyar da ta saba da rashi, ba wadda rashin ya faɗo wa yanzu ba. Maƙwabta kuwa suna tsira in an cire da lissafi, ba a yanke mazaunin ribosom na ƙwayar gadon da ke biye ba, kuma an fitar da alamar.

Ga wani abu da takardun Turai ba sa damuwa da faɗa. pKD46 da pCP20 ba sa jure zafi, da gangan aka yi su haka: a digiri 30 suke zama, a 37 zuwa 42 su ɓace. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin rana ke haura 40, na'urar reno mai ɗumamawa kaɗai ba za ta iya riƙe 30 ba. Sai ka ga filasmid ya zube ba ka san dalili ba. Ko ka sami na'ura mai sanyayawa, ko ka tsara wannan mataki ya faɗo lokacin hunturu. Haka kuma pKD46 da amfisilin ake riƙe shi, alhali Klebsiella pneumoniae da ɗimbin E. coli na asibiti tun asali amfisilin ba ya yi musu komai. Dole ka nemi irinsa mai wata alamar, kamar afaramaisin ko haigiromaisin.

CRISPRi

A 2013 Lei Qi da abokan aikinsa a Kalifoniya, da kuma David Bikard da nasa abokan, suka nuna cewa in aka dakushe wuƙaƙe biyu na Cas9, furotin mai yanka DNA a tsarin CRISPR, da canjin D10A da H840A, furotin ɗin zai ci gaba da zuwa inda jagoran RNA mai haruffa 20 ya kai shi, ya zauna a kan DNA bai yanka ba. Zamansa ya tare wa injin kwafi hanya. Sunansa dCas9, dabarar kuma ita ce CRISPRi. Sharaɗinsa a sami haruffa NGG, wato kowane harafi sai G biyu, kusa da wurin, kuma in cikin jikin ƙwayar gadon za a tare, jagoran ya manne wa igiyar DNA da ba ita ake kwafa ba cikin biyun, in ba haka ba injin ya ture shi ya wuce.

Zurfinsa shi ne abin alfaharinsa. Jagora ɗaya mai kyau a E. coli na iya rage saƙo ninki ɗaruruwa, biyu tare su kai wajen dubu. Ana kunna shi da sinadari, don haka kana iya renon bakteriya lafiya lau sannan ka rufe ƙwayar gadon da ba ta iya rayuwa sai da ita, ka zauna ka kalli yadda take mutuwa. Haka Jason Peters da abokansa suka bi ƙwayoyin gadon dole na Bacillus subtilis a 2016. Ba ya neman Hfq, saboda haka ya shiga nau'o'i da yawa. A tarin fuka ma yana aiki, sai dai Cas9 na Streptococcus pyogenes bai yi kyau a can ba, Jeremy Rock da abokansa suka koma ga na Streptococcus thermophilus a 2017. Tabbatarwa da RT-qPCR, gwajin auna yawan ɗan saƙo, ake yi kai tsaye, tunda saƙon kansa ne ke raguwa. Sauya hari kuma abu ne mai sauƙi: gajerun firaima biyu, ka sami sabon jagora.

Inda yake ciwo shi ne ayari. dCas9 shingen hanya ne, duk abin da ke bayan shingen ya tsaya. In ƙwayar gadonka ita ce ta farko a ayarin biyar, biyar ka rufe. A Bacillus an ga ma na gaba suna raguwa wani lokaci. Ba lalacewa ba ce da za a gyara da ƙwarewa, yadda abin yake aiki ke nan. Mafita ɗaya ita ce ka mayar da ƙwayar gadonka ita kaɗai a wani filasmid ta sigar da jagoran ba zai gane ba, ka ga ko lafiya ta dawo.

Sai nauyi da guba. Ƙwayar gadon dCas9 ta haura haruffa 4,000, kuma in furotin ɗin ya yi yawa bakteriya na rage girma ko su miƙe su yi tsawo. Ɗakin gwajin Bikard a Faris ya nuna a 2018 cewa wasu jagorori, saboda haruffa biyar ɗinsu na kusa da NGG, suna kashe E. coli ko da harinsu ba shi da wani muhimmanci, kuma rage yawan dCas9 ke sassauta abin. Ɗorewa matsakaiciya ce. Tsarin farko filasmid biyu ne, ɗaya da kuloramfenikol ɗaya da amfisilin, kullum sai an zuba. In kana danne abin da rayuwa ke buƙata, duk bakteriyar da dCas9 ɗinta ya lalace ita ce za ta cika kwalba kafin gari ya waye, ka ɗauka rufewar ba ta da tasiri. Kashewa kuma ba nan take ba ce, sai bakteriya sun rarrabu furotin ɗin ya tsarma.

Ƙaramin RNA ƙirar hannu

Wannan shi ne ɗan gida. A 2013 Dokyun Na da sauran mutanen Sang Yup Lee a KAIST ta Koriya ta Kudu suka ɗauki MicC, wanda a asali ompC yake rufewa, suka cire kansa mai neman hari suka bar gangar jikin da Hfq ke kamawa. A gurbin kan suka ɗinka haruffa 24 masu dacewa da farkon saƙon da suke so su rufe, daga AUG zuwa gaba. Hfq na bakteriyar ya karɓi baƙon kamar nasa, ya kai shi inda aka aike shi. Da shi suka gwada haɗe-haɗe a nau'o'in E. coli 14 har suka sami mai yin sinadarin tairosin giram 2 a lita ta hanyar danne tyrR da csrA. Suka kuma tace tarin ƙananan RNA 130, suka gano danne murE, wadda ba a iya cirewa don da ita ake gina bango, yana ƙara sinadarin kadaberin da kashi 55 cikin ɗari.

Sauƙinsa ba a magana. Duk abin haruffa ɗari ne da 'yan kai, babu baƙon furotin da za a ɗora wa bakteriya, babu neman NGG. Filasmid ɗaya kana iya yawo da shi daga wannan nau'i zuwa wancan cikin kwana biyu, kana kuma iya jera uku ko huɗu a ciki. Ƙarfin danniya ana daidaita shi ta tsawon kan ko ta sa kuskuren harafi da gangan. Yana da sauri wajen kunnawa, domin yana kama saƙonnin da aka riga aka kwafa, yana kuma saurin sakin hari in aka kashe, tunda shi ma ana cinye shi tare da abin da ya kama. Terence Hwa da abokansa sun nuna a 2007 cewa ƙananan RNA aikin kan iyaka suke yi: muddin sun fi saƙo yawa, shiru, da saƙo ya rinjaye su, furotin ya fara fita. Ma'anar wannan gare ka ita ce harin da ake kwafa da ƙarfi zai iya fin ƙarfin ƙaramin RNA ɗinka.

A batun ayari ya fi CRISPRi ladabi. Misalin da ake bayarwa shi ne Spot 42, wanda ke rufe galK shi kaɗai a tsakiyar ayarin galETKM, sauran su ci gaba. Amma kada a kai wannan yabo inda bai kai ba. In RNase E ta daddatse saƙon, maƙwabta na iya tafiya tare. A Salmonella kuma Lionello Bossi da abokansa sun nuna a 2012 cewa ChiX, da ya hana ribosom hawa chiP, sai furotin Rho ya sami filin tsayar da kwafi, chiQ da ke baya ma ta yi shiru. Don haka ragin haɗari ne, ba kawar da shi ba, kuma sai ka auna na bayan.

Raunin da ya fi damuna uku ne. Zurfi bai kai na CRISPRi ba: kashi 90 cikin ɗari sakamako ne mai kyau, kuma wasu harin ba sa kaiwa ko kusa, musamman in farkon saƙon ya naɗe kansa. Na biyu kuskuren hari. Ɗakin gwajin Hiroji Aiba ya nuna cewa haruffa shida kacal ne ƙashin bayan ƙullin SgrS da ptsG. Abin da ke iya aiki da ɗan gajeren ƙulli haka yana iya kama saƙon da ba ka aike shi ba. Manhajar IntaRNA ta jami'ar Freiburg kyauta ce a intanet, ka bi da kowane kai ta cikinta kafin ka sayi firaima. Na uku shi ne dillalin da yake dogaro da shi ɗaya ne a kasuwar. Hfq ba shi da yawan da zai wadaci kowa, kuma an nuna cewa in ƙaramin RNA guda ya cika gari, yana ture sauran daga kansa. Kana danne harinka, kana kuma raunana RyhB da SgrS da DsrA ba ka sani ba. Shi ya sa gwajin kwatance a nan ba filasmid fanko ba ne. Sai ka sa gangar jikin MicC da kai marar hari, ya ci Hfq daidai da na gaskiyan.

Nau'i ma shinge ne. Wajen rabin bakteriya ba su da Hfq, ciki har da Mycobacterium da Streptococcus da Helicobacter da Campylobacter. Staphylococcus aureus na da shi, amma cire shi ba ya canza abu mai yawa. Mutanen KAIST sun fito a 2023 da wani tsari mai tafiya da nasa dillalin, gangar jikin RoxS da Hfq na Bacillus subtilis, suka gwada a nau'o'i 16, ya danne fiye da rabi a 12. Ci gaba ne, sai dai fiye da rabi ba sifili ba ne.

Ga kuma ɓoyayyen kuɗin. Tunda fassara yake tarewa, RT-qPCR na iya nuna saƙo bai ragu sosai ba alhali furotin ya faɗi. Hujja ta gaskiya sai an auna furotin, da antibodi ko da haɗa harin da alama mai sauƙin aunawa irin GFP ko lacZ. Antibodi ɗaya na iya cin kuɗin firaima duka na aikin.

PNA

Peter Nielsen da abokansa a Kofanhagan suka ƙirƙiro shi a 1991: haruffan DNA a kan ƙashin baya irin na furotin, marar caji, wanda enzaim ɗin bakteriya ba sa iya narkarwa. Ana ƙera haruffa 10 zuwa 12 masu dacewa da mazaunin ribosom, a liƙa musu ɗan guntun furotin mai huda bango, irin (KFF)3K da Liam Good da Nielsen suka yi amfani da shi a 2001 a kan acpP, a zuba a ruwan reno.

Fa'idarsa ɗaya ce, amma babba: ba ka taɓa gadon bakteriyar ba. Babu filasmid, babu alama, babu injin lantarki. Bakteriyar asibiti da ta ƙi karɓar komai tana iya karɓar wannan, kuma ba ka ƙara mata jure wani magani ba. Sauran duk wahala ce. Kamfani ke ƙera shi bisa oda, ya fi kowanne tsada, kuma yana ƙarewa da kowane gwaji, alhali filasmid haihuwa yake yi. Ga kowane hari sai ka sayi na biyu mai hargitsattsun haruffa don kwatance, domin guntun furotin ɗin kansa na iya illata bango. Tasirinsa na sa'o'i ne. Shigarsa ta bambanta daga nau'i zuwa nau'i, kuma E. coli da ta rasa ƙofar SbmA takan daina karɓar wasu irinsa.

| Ma'auni | Cirewa | CRISPRi | Ƙaramin RNA | PNA |
|---|---|---|---|---|
| Inda yake kamawa | DNA | kwafi | fassara | fassara |
| Zurfi | cikakke | mai zurfi ƙwarai | matsakaici zuwa mai kyau | ya danganta da shiga |
| Ƙwayar gadon dole | ba ya yiwuwa | yana yi | yana yi | yana yi |
| Ɗorewa | dindindin | sai da antibayotik | sai da antibayotik | sa'o'i |
| Juyawa | babu | a hankali | da sauri | da wankewa |
| Maƙwabta a ayari | lafiya in an yi lissafi | na baya sun tsaya | sau da yawa suna tsira | sau da yawa suna tsira |
| Babban haɗari | sabo da rashi | gubar dCas9 | ƙwace Hfq, kuskuren hari | gubar guntun furotin |
| Kuɗin farawa | matsakaici | matsakaici | kaɗan | mai yawa |
| Tabbatarwa | PCR, araha | RT-qPCR | auna furotin, tsada | auna furotin ko girma |

Wa ya dace da wanne

In E. coli ko Salmonella ce, ƙwayar gado ɗaya ce, ba ta dole ba, kuma tambayarka ita ce ko tana da hannu a abu kaza, ka cire. Musamman in wutar lantarki ba ta da tabbas a inda kake, canjin da ke zaune a kuromosom ya fi jure sakaci da narkewar firiza fiye da filasmid biyu. Ka haɗa da mayar da ita don a ga lafiya ta dawo, aikinka ya tsaya da ƙafarsa.

In ta dole ce, ko bakteriyarka ba ta da Hfq, kamar mai aiki a kan tarin fuka, CRISPRi ne. Ka buɗe taswirar kuromosom tun kafin ka sayi komai ka ga me ke bayan harinka, ka yi jagora biyu ko uku mabambanta, ka riƙe dCas9 a mafi ƙarancin da zai yi aiki.

In injiniyan sarrafa sinadarai kake yi, kana so E. coli ta ƙara yawan wani abu kuma ba ka san wace ƙofa za a rage ba cikin ashirin, ƙaramin RNA ya fi kowanne dacewa. A nan ragi ake nema ba kisa ba, ana kuma son gwada nau'o'i da yawa da araha, kuma abin da za ka auna shi ne sinadarin da ya fito, don haka tsadar antibodi ba ta hau kanka sosai ba. Haka in harinka na tsakiyar ayari kuma na bayansa na dole ne. Wanda ya yi nasara a tacewar, daga baya kana iya mayar da shi canji na dindindin.

In bakteriyar asibiti ce mai jure magunguna da yawa, kuma tambayar ita ce ko wannan ƙwayar gado za ta yi harin sabon magani, PNA ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin hari ɗaya ne ko biyu.

Saura wanda abin nazarinsa shi ne tsarin ƙananan RNA ɗin kansa. Kai ne ya fi kamata ka yi nesa da ƙaramin RNA ƙirar hannu, don zai shiga rububin Hfq da abin da kake aunawa. In harinka wani ƙaramin RNA ne irin RyhB, ba a fassara shi balle a tare fassarar, sai ka cire shi ko ka danne kwafinsa da CRISPRi, kana lura kada ka taɓa ƙwayar gadon da ke kwance a ɗaya igiyar. In hfq ce, tana zaune a ayari tsakanin miaA da hflX, CRISPRi zai tafi da na bayanta. Tun 1994 ɗakin gwajin Malcolm Winkler ya yi canji biyu, ɗaya mai lalata hfq ɗaya mai tare na baya kawai, don a rarrabe laifin kowa. Cirewa mai tsabta ita ce hanya. proQ ma haka, prc na biye da ita. csrA kuwa ta fi su rigima: E. coli da aka cire mata ita gaba ɗaya ba ta girma a kan gulukos, shi ya sa yawancin aikin da aka yi tun zamanin da Tony Romeo ya gano ta a 1993 da guntulalliyar siga aka yi shi, mai sauran ɗan ƙarfi. In kana so ka rage CsrA ka kuma iya mayarwa, akwai hanya ta biyar da bakteriyar ta tanada da kanta: ka sa CsrB a filasmid mai makunni, ka kunna, ya tsotse CsrA gwargwadon yadda ka buɗe.